Ruwan da Baba Ya Guntsa

Warin ne ya tare ni tun daga zaure, kamar ruɓaɓɓiyar tafarnuwa da aka zuba wa kananzir, wari mai kama maƙogwaro. Duk wanda ya tashi a Dandamisa ya san shi. Warin maganin feshin wake ne, kuma idan damina ta yi nisa babu magidancin da ba a jinsa a jikin rigarsa. Abin da ban saba da shi ba shi ne in ji shi a tsakar gidanmu da hantsi, in kuma ji gidan shiru. Gidanmu ba ya yin shiru da hantsi, don lokacin ne kanarin Baba suke ƙure murya.

Ina rubuta wannan saboda masu kiwon tsuntsu, da masu ajiye kwalbar magani a bayan ƙofa, da masu gaggawar taimako irin tamu. Allah Ya sa wani ya karanta kafin irin ranarmu ta zo masa.

Baba manomi ne, masara da wake da ɗan rake a fadama. Amma tun yana saurayi yake kiwon kanari, a cikin keji na gwangwala da ya haɗa da hannunsa ya rataye a ƙarƙashin rumfa. Inna takan ce musu 'ya'yansa masu fiffike. Kullum idan rana ta ɗaga sai ya yi musu wanka, kuma wankan nasa iri ɗaya ne: ya guntsi ruwa daga moɗa, ya matse leɓɓansa, ya fesa musu a hankali kamar yayyafi. Ina ƙarama nakan tsaya a gefen da rana take ratsa feshin, don in ga ɗan bakan gizon da yake fitowa daga bakin ubana. Na daɗe ina zaton duk uba yana da irinsa.

A daminar bara ƙuma ta shiga musu. Suka kama susa ba dare ba rana, gashinsu yana zuba, ƙafafunsu suka koɗe, kukan ya ragu har ya koma ɗan tsit-tsit. Baba ya nuna mini abin a bayan hannunsa wata safiya, jajaye ƙanana kamar garin barkono, sai ka ƙura ido kafin ka ga suna tafiya. Ya gwada toka, ya gwada ganyen darbejiya, ya shimfiɗa ganyen taba a ƙasan kejin. Duk da haka wani namijin kanari matashi, wanda ya fi kowa murya, ya wayi gari a mace. Ranar kasuwar Makarfi ya kai kukansa wurin masu sayar da kaji, suka ce ai abu ne mai sauƙi, ɗan ɗigon maganin wake a cikin ruwa mai yawa, a fesa musu, su haka suke yi wa kajinsu.

Ranar da abin ya faru na kai niƙa ne. Da na shigo na ga kwando a kife a tsakar gida, tsuntsayen a ƙarƙashinsa, wasu sun miƙe ƙafa sama, wasu suna ta buɗe baki ba sauti. Baba yana zaune a kan turmi, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, yawu yana zuba daga gefen bakinsa yana sharewa da hularsa.

Ya ce, "Ba komai, Uwata, jiri ne." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Bai rufe baki ba amai ya zo, ya zame daga kan turmin. Na tallafo kansa, na ga baƙin idonsa ya ƙanƙance kamar tsinin allura, naman hannunsa yana motsi shi kaɗai kamar fatar saniya idan ƙuda ya sauka. Ƙirjinsa kuwa yana kuka irin na tukunyar da ta fara tafasa. Inna ta fito daga madafa tana salati, salatin nata ya jawo Goggo Tabawa, yayar Baba, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, kuma katanga ɗaya ce tsakaninmu da ita.

Goggo tana shaƙar iskar gidan ta ce, "Guba ce! Manja, ku kawo manja!"

Na ce, "Goggo, a bari mu kai shi asibiti tukuna."

"Ke tafi can da karatunki. Kafin a kai asibitin fa? Habu, buɗe bakinka, ni ce."

Ta danne masa haɓa ta ɗura. Rabi ya tafi ciki, rabi ya sarƙe shi, ya yi ta tari har jan man yana fitowa ta hanci. Babu wanda ya yi mata musu, ni ma ban ƙara ba, don duk mun taso muna jin cewa manja yana kashe guba.

Sai da na je ɗauko masa wata rigar na lura da famfon feshi a rataye a bango, a bushe ƙayau, har da yanar gizo a bakinsa. Kusa da kwandon kuma ga moɗar wankan tsuntsu, da sauran ruwa a ciki, fari kamar nono. Na gane ba shaƙa ya yi ba, guntsa ya yi da bakinsa. Na ɗauki kwalbar maganin na ƙulle a leda na tafi da ita.

Maƙwabcinmu mai a-kori-kura ya riga ya yi lodin barkono zai wuce kasuwa. Ya sauke buhunansa a ƙofar gida, a ƙasa mai laima, ya ce mu shimfiɗa tabarma. Har yau bai yarda an yi masa maganar kuɗin man mota ba. Allah Ya saka masa da abin da ya fi barkono.

A asibitin da muka fara zuwa, wani ma'aikacin jinya yana ganin kwalbar ya sa almakashi ya yanke rigar Baba, ya sa aka wanke masa jiki da sabulu, mu ma ya kore mu mu wanke hannu. Ya yi ta yi masa wata allura, yana yi yana duba idonsa. Sunanta ya zauna mini a kai, atirofin, saboda yawan aikena da aka yi in sayo ta. Ya ce ba za a daina ba sai bakinsa ya bushe, ƙirjin ya daina tafasa. Sannan ya tambaya ko mun ba shi wani abu a gida.

Goggo ta ce, "Manja, ɗan nan. Ai ba don shi ba da ba mu iso da shi da rai ba."

Ya dube ni, ya mai da kansa ga aikinsa. Kafin la'asar allurar ta ƙare a wurinsu, ta ƙare a kemis ɗin da ke bakin ƙofa, aka ce mu wuce Zariya.

Makon farko a babban asibiti ban san shi da kwanaki ba, da layi na san shi. Layin kati, layin biyan kuɗi, layin karɓar magani, sai a ce babu, ka fita waje ka sayo, ka dawo a ce ba irinsa ba ne. An sa wa Baba robar iska a hanci, tukunyar iskar a tsaye a gefen gadonsa kamar wani baƙo dogo da ya zo dubiya ya ƙi tafiya. Nakan zauna ina kallon allurar ma'aunin da ke kanta tana sauka, ina jin kamar numfashina ake ɗiba.

Wani likita matashi ya ja ni da Inna gefe, ya sassauta murya ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri da tambayar, aikina ne. Yana da wata damuwa kwanan nan? Bashi, ko rigimar gona?"

Inna ba ta gane ba da farko. Da ta gane yana nufin ko da gangan ya sha, sai ta ja mayafinta ta ce, "Mutumin da ba a taɓa rigansa sahun farko a masallaci ba? Likita, ka ji tsoron Allah."

Na ba shi labarin moɗa da wankan tsuntsu. Ya sa na maimaita, sannan ya ajiye bironsa. Ya ce ya ga manoman da iska ta juyo musu da feshi, ya ga yaran da suka sha a kwalbar lemo, amma bai taɓa ganin wanda ya guntsa don tausayin tsuntsu ba.

Da Baba ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne, "Mai ƙwai fa?" Wata mace ce da take kwanci a lokacin, shi ya sa bai fito da ita cikin kwando ba, ya bar ta a keji. Ita kaɗai ta tsira. Na ce tana nan. Na tambaye shi, ina kuka, me ya sa bai yi da famfo ba.

Ya ce, "Famfo ai na gona ne, Uwata. Ƙarfinsa sai ya karya musu fiffike. Kuma na kurkure bakina fa."

Likitan nan da ya zo zagaye ya gaishe shi, Inna ta tsegunta wa Baba tambayar da aka yi. Baba ya yi murmushi a cikin robar ya ce, "Likita, ko da zan tafi da ƙafata, ai na jira in ci sabuwar masara tukuna." Duk ɗakin aka yi dariya, har mai gadon kusa da ba ya iya juyi. Ranar na yi sallar azahar da zuciya sakayau, na ɗauka mun haye.

Ba mu haye ba. Kwana kaɗan bayan haka wuyansa ya saki, ya kasa ɗaga kai daga matashi, hadiyar ruwa ta zama aiki. Likita ya ce wannan gubar haka take, takan tafi ta waiwayo. Aka mai da robar iskar da aka riga aka cire. Muka sayar da tinkiyar Inna, sannan aka sayar da raken fadama yana tsaye bai nuna ba, mai saye ya taya yadda ya ga dama don ya san inda muke.

A mako na biyu wuyan ya fara dawowa, sai zazzaɓi ya sauka, da tari mai wari. Aka tura mu hoton ƙirji. Na yini a layi, aka ce injin ya tsaya sai an kawo wuta, washegari aka yi, takardar kuma ta ɓata a tsakanin ofis da ofis sai da aka sake. Da likita ya ɗaga hoton a jikin taga na ga huhun ubana, gefe ɗaya fari kamar gajimaren da ke shirin zubar da ruwa. Ya ja ni bakin ƙofa ya faɗa mini maganar da har yanzu nake jinta da muryarsa: "Gubar muna da allurarta, kuma mun kore ta. Man da ya shiga huhu ne ba shi da allura."

Goggo tana zaune a ƙasa a bakin gadon tana ta jan carbi. Na dube ta, na haɗiye maganar.

Dangi sun zo, Allah Ya ba su lada, kowa da kwanonsa da shawararsa. Kawu Sale, ƙanen Inna, ya taso daga Janfalan da rubutu a gora da habbatus-sauda. Rubutun mun shafa masa, don ba ya iya sha. Kawu ya ce, "Ku dai kuna ta ciyar da asibiti. Akwai wani mutum a wajen Hunkuyi, ƙaho ɗaya zai kafa masa a baya ya zuƙe dafin nan tas."

Inna ta ce, "Sale, in ƙaho yana zuƙe abin da ke cikin mutum, je a fara zuƙe maka surutu."

Wata ta ce nonon raƙumi, wani ya ce a yi masa turare, a ba shi jiƙo. Daga gida kuma labari yana iso mu cewa a majalisar bakin masallaci ana ta cewa Malam Habu ya sha maganin feshi, ana faɗa ana rage murya. Wannan ya fi layin asibiti yi mini ciwo. Amma a ɗakin nan kuma na ga alheri da ban san sunan masu shi ba. Wata mata mai jinyar mijinta, ba ma jin yaren juna sosai, kullum sai ta zuba mini ruwan zafi daga filas ɗinta. Wata mai shara ta nuna mini ƙofar baya da ke rage mini zagaye zuwa wurin magani. Wata ma'aikaciyar jinya ta yi mini tsawa a gaban mutane don na taɓa robar ruwa, ita ce kuma ta zauna tana goge wa Baba baki da auduga kamar ubanta.

Wajen ƙarshen mako na uku zazzaɓin ya sauka, aka sallame mu da ledar magunguna. Mun shiga Dandamisa masara ta yi goyo, gari ya yi kore shar kamar ba abin da ya faru. Muka tarar Goggo, wadda ta riga mu dawowa, ita take ba Mai ƙwai gero da ruwa, ita da ba ta taɓa ɗaga kai ta dubi kejin ba.

Ta ce, "Ga 'yar banzarka nan, Habu. Ta fi ni cin gero, ƙwan ma ta bar shi ya lalace."

Baba ya sa aka zaunar da shi a ƙarƙashin rumfa. Ya matse leɓɓansa zai yi mata fito kamar yadda ya saba, iska kawai ta fito, sai tari. Bai sake gwadawa ba.

Sai ƙafafu suka biyo baya. Da farko ya ce yana jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarsa. Daga nan takalmi ya riƙa zame masa a hanya bai sani ba, sai mu bi baya mu tsinto. Kafin wata ya cika ya koma sallah a zaune, mutumin da yake yini a tsaye a fadama. Goggo takan zo da man shanu ta yi ta murza masa ƙafa tana yi masa faɗa kamar yaro, wai tun yana ƙarami ba ya jin magana, shi kuma yana cewa, "To, Yaya. Na ji, Yaya."

Wata rana da yamma ta tafi, ni ina ba shi kunu da cokali, ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Na ji abin da likita ya gaya miki a bakin ƙofa. Kunnena bai yi ciwo ba."

Na sunkuyar da kai.

"In ta Allah ta kasance, kada ki bari kowa ya ɗora wa Goggonki. Ni na guntsa da bakina. Ita abin da ta sani ta yi, kuma a bayanta na girma."

Tarin ya dawo bayan kwanaki, wannan karon da jini-jini. Muka koma Zariya, gado daban, tukunyar iska iri ɗaya. Bai yi doguwar magana ba kuma. Ya cika bayan azahar, Inna tana riƙe da ƙafarsa, ni ina karanta masa Yasin ina tuntuɓe a ayoyin da na haddace tun ina yarinya. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Goggo har yau takan ce da an ƙara masa manjan tun da wuri da gubar ba ta kai ƙafa ba. Nakan ce mata, "Kwana ne ya ƙare, Goggo."

Ita ba zan gaya mata ba, amma ku zan gaya muku. Maganin gona ba na jikin tsuntsu ba ne, ba na baki ba ne, komai yawan ruwan da aka sirka shi da shi, kuma kurkure baki ba ya fitar da abin da ya riga ya ratsa. Idan tsautsayi ya faɗa wa naku, kada ku ɗura masa manja ko madara, kada ku sa masa yatsa don ya yi amai. Ku tuɓe masa kayan, ku wanke jikinsa, ku kwantar da shi a kan gefensa, ku ɗauki kwalbar ku ruga asibiti. Hannun da yake gaggawa don ƙauna shi ma yana iya yin ɓarna.

Bayan Inna ta fita takaba aka ba ni aikin koyarwa a Ikara, na tafi da Mai ƙwai a cikin kejinta. Ba ta daina susa ba, ni kuma ina tsoron in sa mata ko da toka. Sai da wata damina ta sake zagayowa wata abokiyar aikina ta raka ni wurin likitar dabbobi. Ta kama tsuntsuwar a tafin hannunta, ta hura gashinta ta duba ƙarƙashin fiffike da wuya, ta ce ba ta ga komai ba. Ta ce da kwarkwatar gashi ce da an gan ta a nan, kuma maganinta ɗigo ɗaya ne a fatar ƙeya, wanda likita yake aunawa daidai da nauyin tsuntsu. Sannan ta shimfiɗa farar takarda a tebur, ta ɗaga kejin da Baba ya haɗa, ta bubbuga shi a kai. Jan gari ya zubo daga tsagogin gwangwalar, ya fara tafiya.

Ta ce, "Kin gan su. Wannan irin ba ta zama a jikin tsuntsu. Sai duhu ya yi take fitowa ta sha jini, gari na wayewa ta koma cikin itace ta ɓuya. Ki sa tsuntsuwar a sabon keji, wannan kuma ki kwarara masa tafasasshen ruwa, ko ki ƙona shi."

Na tambaye ta, to idan mutum ya fitar da tsuntsayen daga keji da hantsi, ya fesa musu magani a jiki fa?

Ta ce, "Da hantsi? Ai babu ko ɗaya a jikinsu a lokacin. Duk suna cikin keji."